Makaranta Mai Harshe Biyu a Italiya: Ta Birtaniya Za Ka Sa Yaro Ko Ta 'Yan Ƙasa?

Duk wanda aiki ya kai shi Italiya da iyali, ko ofishin jakadanci ne, ko ɗaya daga hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya uku masu hedikwata a birnin Rum, wato FAO da IFAD da WFP, ko kuwa kamfanin mai na Eni da ke da manyan ofisoshi a San Donato kusa da Milan, kafin ya gama kwance akwatuna maganar makarantar yara ta taso. Da ya fara bincike kuma zai tarar da makarantu birjik, kowace na cewa da harshe biyu take koyarwa, ga manhajar Birtaniya ga ta Italiya. Sai mutum ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, yaro zai tashi da Turanci da Italiyanci, in an koma gida ba asara, in an zauna ba asara.

To, a yi hattara. Kalmar harshe biyu da aka rubuta a ƙofar makaranta ba ta faɗa maka komai ba tukuna. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne wace takardar shaida yaron zai riƙe yana da shekara 14, wace kuma zai riƙe ranar da ya gama sakandare. Har zuwa shekara 14 ana iya tafiya da tsarin biyu tare. Daga nan taura biyu ba ta taunuwa.

Sai an ga yadda matakan biyu suke kafin a gane dalili. A Italiya yaro yana shiga firamare yana da shekara 6, ya yi shekara biyar, sannan ya yi uku a ƙaramar sakandare da suke kira media, ya zana jarrabawar gwamnati ta terza media yana ɗan shekara 14. Daga nan sai babbar sakandare ta shekara biyar cur, ko liceo ga mai niyyar jami'a, ko makarantar fasaha ko ta sana'a, ya kammala da jarrabawar maturità yana da shekara 19. A tsarin Ingila kuwa aji ɗaya ana shigarsa ne da shekara 5, a zana jarrabawar IGCSE a aji 11 da shekara 16, a yi shekara biyu ana karatun A-Level ko difloma ta ƙasa da ƙasa da ake kira IB, a gama a aji 13 da shekara 18. Duka biyun shekara goma sha uku ne, amma ɗaya ya riga ɗaya tashi da shekara guda. Aji 6 na Ingila shi ne ajin ƙarshe na firamaren Italiya, aji 9 shi ne terza media, sannan ranar da ɗan makarantar Birtaniya yake bikin kammalawa, sa'ansa na liceo yana da sauran shekara guda a gaba. Har ranar yanke shekaru ta bambanta: Ingila tana lissafi daga 1 ga Satumba, Italiya kuwa duk wanda zai cika shida kafin 31 ga Disamba ajinsu ɗaya. Yaron da aka haifa a Oktoba yana iya zama babba a aji a wannan tsarin, ya zama auta a wancan.

Bambancin da ya fi wannan zurfi yana cikin yadda ake karatun. Malamin Italiya yana kiran yaro gaban aji ya yi masa tambayoyi da baki, abin da suke kira interrogazione, ya ba shi maki daga cikin goma, shida ce cin jarrabawa. Wanda ya zauna gaban malam a makarantar allo ya biya karatunsa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sai dai a nan ba hadda kaɗai ake nema ba, ana so yaro ya tsaya ya yi bayani da cikakkun jimloli, ya haɗa tarihi da adabi da falsafa, duk da Italiyanci. Kuma ba a rage darussa. Ɗan liceo na kimiyya na gargajiya, wanda burinsa injiniyanci, sai ya karanta Latin da falsafa da tarihin zane da waƙen Dante har shekarar ƙarshe. Maturità maki ɗari ce, sittin ake ci da shi, arba'in daga ciki kuma ana tara su ne daga ƙoƙarin shekaru uku na ƙarshe. Tsarin Ingila ya ɗauki wata hanya. Jarrabawa a rubuce take, a aika takardu waje hukumomi irin su Cambridge ko Pearson Edexcel su duba, malamin aji ba shi da hannu sosai a makin ƙarshe. Yaro ya yi darussa takwas zuwa goma a IGCSE, sannan a A-Level ya tattara ƙarfinsa kan uku kacal. Wanda lissafi da kimiyya ne ƙarfinsa amma rubutun insha'i yana ba shi wuya, wannan tsarin aljannarsa ce. Wanda kuwa bai san inda ya dosa ba a shekara 16, tsarin yana tilasta masa zaɓi da wuri. IB tana tsakiya: darussa shida, dogon rubutun bincike na kalmomi dubu huɗu, maki 45 ne ƙololuwa.

Makarantun da ke kiran kansu masu harshe biyu, in ka tone su, iri uku ne.

Na farko makarantar Birtaniya ce zalla da aka ɗora wa Italiyanci a gefe. Irin su St George's da ke La Storta a arewacin Rum, wadda aka kafa a 1958, da British School of Milan da ta fara a 1969. Komai da Turanci ake yi, Italiyanci darasi ne cikin darussa. Yaran da iyayensu suke so ana shirya su, su je su zana terza media a matsayin 'yan waje a wata makarantar gwamnati ko wadda gwamnati ta amince da ita. A lura kuma, sunan Birtaniya ba ya nufin lallai A-Level za a ƙare da ita. Waɗannan biyun da na ambata difloma ta IB suke kai ɗalibai bayan IGCSE, yayin da wata kamar The New School a Rum take bin A-Level. Ka tambaya tun ranar farko, kada sai yaro ya kai aji 11 ka ji labari.

Na biyu ita ce makarantar kuɗi mai matsayin paritaria. Wannan kalmar ita ce mabuɗin zancen duka, a riƙe ta da kyau. Doka mai lamba 62 ta shekarar 2000 ce ta kawo ta, ma'anarta kuma makaranta mai zaman kanta wadda gwamnatin Italiya ta ɗauke ta daidai da tata. Sakamakonta da takardunta suna da ƙarfin doka kamar na makarantar gwamnati, yaro yana iya tashi daga cikinta ya koma ta gwamnati ba tare da wata jarrabawa ba. Irin waɗannan suna bin manhajar Italiya ne a matsayin ginshiƙi, su koyar da wasu darussa da Turanci, galibi kimiyya da labarin ƙasa da zane, su ƙara da jarrabawoyin Cambridge. Makarantar da ba paritaria ba kuwa, ranar da ka so mayar da yaro tsarin 'yan ƙasa sai ya zana jarrabawar cancanta da suke kira idoneità, a kan manhajar Italiya, da Italiyanci. Wani abin da ke kama iyaye shi ne matsayin nan mataki-mataki ake bayar da shi. Makaranta tana iya samunsa a firamare ba ta da shi a media, ko tana da shi a media ba ta da shi a liceo, amma a takardar talla ta rubuta kalmar da manyan baƙaƙe kamar ta shafi ko'ina. Ma'aikatar ilimi tana da shafin da ake duba makarantu mai suna Scuola in Chiaro. Ka duba da kanka, ajin ɗanka ka duba, ba makarantar gaba ɗaya ba.

Na uku ba a cika tunawa da ita ba saboda ba ta talla: makarantar gwamnati. Liceo da dama yanzu suna da sashen Cambridge, inda yaro yake bin manhajar Italiya cikakkiya, ya kuma zana wasu darussan IGCSE da Turanci. Kuɗin makaranta babu, sai littattafai da 'yan kuɗaɗen jarrabawa. Doka kuma ta ba kowane yaro baƙo damar shiga makarantar gwamnati a kowane lokaci cikin shekara, ko da takardun zaman iyayensa ba su kammala ba, karatu kuma dole ne daga shekara 6 zuwa 16. Amma gaskiya ɗaya ce, Turancin da ake samu a nan na mai koyo ne, bai kai na yaron da ya wuni yana jin sa ba. Ga yaron da ya taso daga makarantar kuɗi a Abuja ko Kaduna da Turanci a bakinsa, wannan ba lallai ya zama matsala ba, domin shi Italiyanci yake buƙata.

To wace za a ɗauka? Ni a ganina tambaya biyu ce take yanke hukunci, sauran duk ƙari ne: shekara nawa za ku zauna, shekarun yaron kuma nawa ranar da kuka sauka.

In zaman na wa'adi ne, shekara uku ko huɗu a koma Abuja ko a wuce Nairobi ko Janiba, makarantar Birtaniya ta fi. Manhajarta tana nan kusan iri ɗaya duk inda ka je, yaro ya bar aji 7 a Rum ya shiga aji 8 a Legas ba tare da ya yi tuntuɓe ba. A gida ma IGCSE tana tsayawa a madadin WAEC wajen neman jami'a, A-Level da IB kuma ana shiga da su kai tsaye ta hanyar JAMB a fara daga aji biyu. Ka ɗauki yaron da ya yi shekara uku yana karanta tarihin daular Rum da nahawun Italiyanci ka jefa shi ajin SS1, za ka ga wahala a idonsa, ko da kuwa yana da ƙoƙari. Iyalan Nijar lissafinsu daban ne, su da Faransanci suka zo, kuma akwai Lycée Chateaubriand a Rum mai kai yaro har bakaloriya, wanda zai fi dacewa da mai niyyar komawa Yamai ko Maraɗi.

In kuwa zama ne ba ranar tashi, ko an zo da niyyar shekara biyu ga shi an shiga ta bakwai, kamar yadda yake faruwa da yawancinmu, to sa yaro a makarantar da Italiyanci yake darasin awa uku a mako zalunci ne a ɓoye. Zai girma a ƙasar yana iya sayen burodi da hira a filin ƙwallo, amma ba ya iya rubuta takardar neman aiki ko karanta kwangilar haya. Italiya ba ta ba da takardar zama ɗan ƙasa don an haife ka a cikinta. A dokar 1992, wanda aka haifa a can iyayensa baƙi sai ya cika 18 yana zaune ba yankewa sannan ya nema, kuma shekara ɗaya tak yake da ita ya yi hakan. Wanda aka zo da shi daga waje, in bai samu ta hannun iyayensa ba, hanyarsa ita ce zaman shekara goma da shaidar iya harshe a matakin B1. Ƙuri'ar raba gardama da aka yi a Yunin 2025 don rage goman zuwa biyar ba ta samu isassun masu fitowa ba. Yaron da rayuwarsa za ta kasance a wannan ƙasa, paritaria mai Turanci mai ƙarfi ita ce tasa, ko ma ta gwamnati.

Shekarun yaro kuma suna iya rushe duk wannan lissafi. Yaron da bai kai shekara takwas ba duk inda ka sa shi zai sha harshe kamar ruwa, cikin shekara guda shi zai riƙa yi maka tafinta a asibiti. Tsakanin 9 da 12 ana iya wa, amma da malamin gida da haƙuri, kuma a shirya ganin maki ya faɗi a shekarar farko. Wanda ya zo da shekara 14 ko sama ba ya jin ko kalma ɗaya, kai shi liceo ya tsaya gaban aji yana bayanin falsafa da baki ba tarbiyya ba ce, karya masa gwiwa ne, domin a Italiya maimaita aji a babbar sakandare abu ne da ake yi ba wasa. Shi dai Birtaniya ko IB. Nan ma da sharaɗi: IGCSE kwas ne na shekara biyu, aji 10 da 11, haka A-Level da IB. Makarantu da yawa ba sa son karɓar yaro a tsakiya, sai su ce ya koma baya da shekara. In da hali a daidaita tafiya da farkon kwas, ko a bar shi a gida ya gama WAEC tukuna.

Maganar kuɗi ba a ɓoye ta. Manyan makarantun Birtaniya a Rum da Milan suna wuce yuro 20,000 a shekara a manyan azuzuwa, ban da kuɗin rajista na shiga, da motar makaranta, da abinci, da kuɗin jarrabawa, da tafiye-tafiye. Paritaria mai harshe biyu yawanci ta fi sauƙi, amma ba arha ba ce. Ma'aikacin Majalisar Ɗinkin Duniya yana da tallafin karatun yara da ke ɗauke kaso mai yawa, ba duka ba. Abin da nake so mai karatu ya auna shi ne, ranar da kwangila ta ƙare ko aka canja aiki tallafin ya tsaya, ina yaron zai faɗa? In yana da takardar terza media a hannu, ƙofar kowace liceo ta gwamnati a buɗe take gare shi. In ba shi da ita, ga shi a shekara 15 ba kuɗin ci gaba, ba harshen komawa. Saboda haka ko da Birtaniya ka zaɓa, ka nace a shirya shi ya zana terza media a aji 9. Wahalar shekara guda ce, akwai rubutun Italiyanci da lissafi da harsunan waje da tambayoyin baki, amma ita ce igiyar da za ta riƙe shi in guga ya tsinke.

Jami'a ma ta shiga lissafi, kuma a nan mutane suke yawan ruɗin kansu. Karatu a makarantar Birtaniya da ke Italiya ba ya mayar da yaro ɗan gida a jami'o'in Ingila. Ɗan gida yana biyan fam 9,535 a shekarar karatu ta 2025/26, baƙo kuwa yakan biya ninkin wannan sau biyu ko uku, likitanci ya zarce haka nesa. Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, su kansu Italiyawa kuɗin baƙi suke biya. Jami'o'in gwamnatin Italiya kuwa, irin su Sapienza da Bologna da Politecnico na Milan, kuɗinsu ana auna shi ne da samun iyali ta lissafin ISEE, kuma yawanci 'yan dubban yuro kaɗan ne a shekara. Suna karɓar IB, suna karɓar A-Level in darussa uku ne masu alaƙa da abin da za a karanta, akwai kuma kwasa-kwasai da Turanci, har da likitanci ta jarrabawar IMAT. Sai dai guraben na Turanci kaɗan ne, masu nema daga ko'ina a duniya suke, kuma ɗalibin likitanci ko da Turanci ya yi karatu, ranar da ya shiga ɗakin marasa lafiya da Italiyanci zai yi magana da su. A ɗaya ɓangaren, jami'o'in Ingila suna karɓar maturità. Wato hanyar Italiya ba ta rufe Landan ba, shekara guda kawai ta ƙara.

In ka je ziyarar makaranta, kada ka bari a tsaya da kai a ɗakin kwamfuta da wurin ninkaya. Ka ce a ba ka jadawalin mako na ajin ɗanka, ka ƙirga awannin kowane harshe da yatsa. Ka tambaya ko ana raba ajin Italiyanci tsakanin 'yan ƙasa da masu koyo, kuma yaushe mai koyo yake hayewa zuwa na 'yan ƙasa, don akwai inda yaro zai shekara biyar a ajin masu koyo ba wanda ya damu. Ka tambayi yara nawa suka zana terza media bara. In ta Birtaniya ce ka nemi rahoton masu duba makarantu na tsarin BSO, wato tsarin gwamnatin Birtaniya na duba makarantun Birtaniya da ke ƙasashen waje, ana wallafa shi kowa ya gani. Sannan ka tsaya lokacin tara ka saurari harshen da yara suke wasa da shi. Makarantu masu harshe biyu da yawa, musamman a Milan, 'ya'yan Italiyawa masu hali ne suka cika su don neman Turanci, filin wasa duk Italiyanci ne. Ga ɗanka wannan riba ce in harshen ƙasa kake so ya kama, amma ka san cewa ajin Turanci zai riƙa tafiya da saurin masu koyo, shi kuma yana iya zama yana hamma.

Akwai abin da takardun talla ba sa taɓowa, mu kuma shi ne a ranmu. A makarantun Italiya akwai darasin addinin Katolika, awa biyu a mako a firamare, awa ɗaya a sakandare. Tun yarjejeniyar 1984 tsakanin gwamnati da fadar Paparoma ba dole ba ne, iyaye suke zaɓa a takardar rajista, a ba yaro wani aiki a madadinsa. Ka cike wurin da kanka, kada ka bar shi fanko. Paritaria da dama na coci ne ko na 'yan zuhudu, wasu suna da kyakkyawar tarbiyya da mutunta baƙo, amma ka tambayi yadda addu'ar safe da bukukuwa suke. Abincin rana ana iya neman wanda ba naman alade, wannan ya zama ruwan dare, sai dai rashin alade ba ya nufin yankan Musulmi ne, shi ya sa iyaye da yawa suke zaɓar na kifi da ganye. Makarantun Birtaniya sun saba da 'ya'yan jakadun ƙasashen Larabawa da Asiya, maganar azumi da ɗankwali da wurin salla ba sabuwa ba ce a wurinsu, amma suna riƙe yaro har bayan ƙarfe uku. Sakandaren gwamnati da yawa kuwa suna tashi wajen ƙarfe ɗaya ko biyu, wasu har da Asabar, abin da ke barin yamma a buɗe don karatun Alƙur'ani. Harshe na uku kuma, wato namu, ba makarantar da za ta koyar da shi. Yaron da yake Turanci a aji, Italiyanci a titi, in ba a dage da Hausa a gida ba, ranar da aka kira kaka a waya sai murmushi da ɗaga hannu.

Kada a raina nisa. Rum gari ne mai cunkoso, wanda yake aiki a WFP can kudu maso yamma ya sa yaro a makarantar da ke kan titin Cassia a arewa, ɗan shekara shida zai riƙa cinye awa biyu kullum a mota. A fara samun makaranta sannan a nemi gida, ba a yi akasin haka ba.

Rajistar makarantun gwamnati ta sabuwar shekara a farkon shekara ake buɗe ta, wajen Janairu, ta intanet, karatu kuma ya fara tsakiyar Satumba. Manyan makarantun kuɗi suna da jerin masu jira, wasu azuzuwan sai an nema kusan shekara guda kafin lokaci. Kafin a baro gida a tattaro sakamakon yaro na shekara biyu ko uku da suka wuce, da takardar haihuwa, da katin rigakafi, domin tun 2017 Italiya ta wajabta allurai goma ga yara har zuwa shekara 16, kuma ba a karɓar yaro a nazare in bai cika su ba. Takardun da ke buƙatar hatimin ma'aikatar harkokin waje da na ofishin jakadancin Italiya a buga musu tun ana Abuja, don aiko su daga baya yakan ci watanni.